Kirarin Garin da Ruwa Ya Ci

Rabin kirarin garin mahaifiyata na tashi da shi. Ɗaya rabin sai da furfura ta fara fito mini na ji shi, kuma ba daga bakinta na fara ji ba.

A Ƙofa aka haife ni, cikin ƙasar Bebeji, garin mahaifina ke nan. Inna kuwa aure ne ya kawo ta. Garinsu na cikin waɗanda ruwan Tiga ya rufe lokacin da aka datse kogin. Ban taɓa jin ta ce garin ya tashi ko ya mutu ba. Cewa take yana ƙarƙashin ruwa, kamar mai maganar wanda ya shiga ɗaki kuma ana sa ran fitowarsa.

Kowane gari a wajenmu yana da abin da ake yi masa kirari da shi, ko da kuwa gida goma ne da rijiya ɗaya. Wani na yabo ne, wani tsokana ce da maƙwabta suka liƙa masa har ya bi shi. Na garinsu Inna ya bambanta da sauran ta hanya guda: rabi biyu ne, kira da amsa. In ɗan garin ya hango wanda yake zaton nasu ne a kasuwa ko a wajen cirani, ba sai ya tambayi suna ba. Sai ya yi kiran. In wancan ya amsa, sun zama 'yan ɗaki ɗaya, a ci tare, a kwana tare.

Kiran shi ne: "Ta kan tudu, mai kukoki, uwar baƙi."

Wannan na haddace shi tun kafin in iya ɗaura tazuge, domin babu inda Inna za ta je ba ta yi shi ba. In mun tsaya a Kwanar Ɗangora sayen rake, sai ta yi. In muna layin ganin likita, sai ta yi. A kasuwar Kiru, a gidan biki, a gidan rasuwa in an fito bakin ƙofa, duk inda ta ji muryoyin mazan da ba ta sani ba. Ba ta ɗaga murya sosai. Takan faɗe shi ne daidai yadda na kusa zai ji, sannan ta karkata kai gefe guda ta yi tsit tana saurare. Wannan shirun nata shi na fi tsoro ina yaro. Mutane kan juyo su dube mu. Wasu su ɗauka talla take, wasu su matsa gefe don suna zaton iska ce ta taɓa ta.

Baba bai taɓa hana ta ba. In mun dawo daga tafiya yakan ce, "Yau ma an aika saƙon?" Ta ce, "An aika." Ya ce, "To, Allah ya kai shi." Iyakar maganarsu a kai ke nan.

Mu kuwa yara ba mu bar abin ya wuce a banza ba. In ta yi kiran a tsakar gida tana tankaɗe, don a gida ma yakan suɓuce mata, sai ƙanwata ta leƙo daga bayan rumbu ta ce, "Mai tuwon dawa da miyar kuka!" Inna ta ɗauki muciya ta bi mu, muna dariya, ita ma tana danne tata. Amma ko sau ɗaya ba ta yi kuskuren gyara mana ba. Mun sha ɗana mata tarko, mu faɗi shirme don ta ce ba haka ake cewa ba, ga yadda ake cewa. Ba ta taɓa faɗawa ciki ba.

Dalilin sai da na girma ta ba ni shi, wata rana da kaka muna ɓarar masara a tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika zama ta yi mini doguwar magana ba. Ran nan dai ta yi, idonta a kan masarar da ke hannunta.

Tana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, ita ta goye shi, ita ta yaye shi da kunu. Ba a daɗe da kawo ta Ƙofa ba sai masu awon ƙasa suka bayyana a garinsu, da na'urarsu mai ƙafa uku da suke leƙawa. Suna neman saurayin da zai riƙa riƙe musu wata doguwar sanda mai zanen ja da fari, sai Kawu ya shiga. Yana binsu tudu da kwari, yana jin abin da suke faɗa. Wata rana ya dawo dandali ya gaya wa dattawa cewa ruwa zai rufe masallaci, zai hau kukokin nan har wuya.

Dariya aka yi masa. Garin a kan tudu yake, kogin yana can ƙasa, sai mace ta yi tafiya mai nisa da tulu kafin ta kai. Tun kakanni ba a taɓa ganin ambaliya ta kusanto ba, kuma amsar kirarin nan a kan haka take, alfahari ne da aka yi wa kogi. Da ita aka rufe wa Kawu baki ran nan, dattawa suna faɗa yara suna maimaitawa. Da ya nace, sai magana ta juya, aka fara cewa mugun baki ne da shi, shi ke nuna wa baƙi hanyar garin. Kakana mutum ne mai zafi. A gaban jama'a ya ce masa in zai ci gaba da riƙe wa mutanen nan sanda, kada ya ƙara sa hannu a tuwon gidansa. Washegari aka nemi Kawu aka rasa.

Ruwan bai zo da gudu ba. A hankali ya riƙa hawa, yana cin fadama, yana cin gonaki, har ya iso gindin tudun. Aka ba mutane fili a wani wuri, suka kwashe abin da za su iya. A Juma'ar ƙarshe da aka yi a masallacin, liman ya tashi ya ce sun yi shekaru suna tinƙaho da abin da ba nasu ba, suna yi wa halittar Allah gori, ga shi sun gani da idonsu. Aka yi alkawari a wurin, maza suka kai wa mata a gida: kiran babu laifi a cikinsa, mai so ya yi, amma amsar an binne ta. Babu wanda zai ƙara faɗa, babu wanda zai koya wa ɗansa. Daga nan suka watse, wasu kusa da Tiga, wasu wajen Kiru, wasu Tudun Wada.

Bayan wasu shekaru, ranar kasuwar Tiga, Kawu ya dawo.

Inna ba ta wurin. Wata gwaggonta ce mai sayar da daddawa ta ga komai, ita ta kawo labarin Ƙofa. Ta ce ya sauko daga mota da jaka a kafaɗa, ya rame, ya tara gemu. Ya fara zuwa bakin ruwa ya daɗe a tsaye. Sannan ya shigo kasuwa, ya hango mutanen garinsu zaune a rumfa ɗaya, fuskokin da ya sani tun yana yaro. Ya tsaya a gabansu, ya yi murmushi, ya yi kiran.

Babu wanda ya amsa.

Daga baya kowa ya kawo hanzarinsa. Wani ya ce amsar ta zo masa har bakin leɓe, ya tuna alkawari ya haɗiye. Wani ya ce yana shirin yi masa sannu da zuwa ne bakinsa ya yi nauyi. Wasu kuma, Inna ta ce, har a lokacin suna ganin shi ya jawo ruwan, shirun ya yi musu daɗi. Shi dai bai san an yi wani alkawari ba, ya bar garin kafin a yi. Ya sake kira. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, suna sunkuyar da kai. Sai ya gyara jakarsa ya juya. Kafin gwaggon ta ture faifan daddawarta ta bi shi cikin cunkoso, ya shiga wata mota ta tashi.

"Ka gane yanzu?" Inna ta ce da ni. "Duk wanda ya ga shigowar ruwan nan ba zai amsa mini ba. Mutum ɗaya ne a duniya bai san an hana ba."

Na ce, "To Inna, ki gaya mini amsar mana. Ni ma ina yawo. In na ji ta a wani wuri sai in gane."

Ta ce, "Da wane bakin? Ni ma alkawarin ya hau kaina. Kuma in kun iya, wata rana tausayi zai sa ɗayanku ya ɓuya a bayan katanga ya amsa mini. Na san halinku."

Ta san halinmu kuwa. Da mun yi.

Na ji haushin mutanen nan, har yau ban huce ba. Dattawa guda nawa, da rawunansu da carbinsu, a ce an rasa wanda zai miƙe ya kama hannun yaro ya ce zauna ka sha ruwa, ga abin da ya faru bayanka. Sun tsaya suna gadin alkawari har mutum ya ɓace musu a tsakar rana. Inna ba ta taɓa zaginsu ba, amma na lura in ɗayansu ya rasu takan je ta yi gaisuwa ta dawo ba ta ci abincin gidan ba.

Sau ɗaya ta sa na kai ta kan ruwan. Bazara ce, ruwa ya ja baya, wani ɗan'uwanta masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Muka yi ta tafiya har gaɓa ta zama siririn layi. Can sai ya daina tuƙi, ya nuna wasu baƙaƙen kututture da suka ɗan leƙo sama. Ya ce tsamiyoyin bakin kasuwa ne, masunta ba sa jefa taru a nan don yana sarƙewa. Inna ta tambayi kukokin. Ya ce ai su suka fara ruɓewa, itacen kuka ba ya jure ruwa. Ta leƙa ƙasa ta daɗe, ban san abin da take gani ba, ni dai ruwa na gani mai launin ƙasa. Sannan ta yi kiran, ta karkata kai.

Masuncin nan ɗan garin ne, ya san amsar sarai. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya kawar da fuska yana gyaran igiyar da ba ta buƙatar gyara. Babu abin da ake ji sai ruwa yana bugun cikin kwalekwalen. Na ji kamar akwai gari guda a ƙarƙashinmu da ya ji kiran, shi ma ya haɗiye. Ban ƙara yarda na hau ruwan Tiga ba.

Shekaru suka tafi. Baba ya rasu. Idon Inna ya yi rauni, ta daina fita sai dole. Duk da haka in ta ji baƙuwar sallama a zaure, ko mai gyaran tukunya ne, sai ta yi kiran daga ɗakinta. Jikokinta suka ɗauke shi waƙa, suna tsalle da shi. Ni kuwa aikin koyarwa ya kai ni Doguwa, ina zuwa gida ƙarshen mako.

Wata Juma'a da hantsi na shiga bas daga Doguwa. Yaron motar irin masu bakin nan ne da ba sa gajiya, kuma ya san inda ake buƙatarsa. In an shiga dajin Falgore mota takan yi tsit, kowa ya kama addu'a a ransa yana kallon bishiyoyi. A nan ya fara yi wa garuruwa kirarin da shi ya ƙera abinsa. Ya ce Doguwa mai masara har kan dutse, baƙo ya zo da riga ɗaya ya kwana yana rawar ɗari. Ya ce Tudun Wada ta shinkafa, ka zo da buhu ka koma da ciwon baya. Ya ce Kiru, inda albasa ke sa ƙato hawaye. Wata mata ta ce saura Tiga, ya ce Tiga kifi a ruwa, kifi a wuta, ƙamshi kyauta. Aka yi ta dariya, kowa na kare garinsu.

Ya juyo kaina. "Malam, kai fa? Na ga ka yi shiru kamar ba ka da gari."

Na ce Ƙofa. Ya ce Ƙofa ta manoma, kaza ma da gonarta. Na yi dariya, na ce wannan na ubana ne, bari ka ji na uwata, wanda ba ka isa ka sani ba. Wallahi da wasa na faɗa. Na ce, "Ta kan tudu, mai kukoki, uwar baƙi."

Daga kujerar baya wata murya ta ce, "Kogi, gaishe ta daga nesa, ba ka isa ka taka ƙofarta ba."

Ban taɓa jin kalmomin nan ba, amma ban yi shakka ba ko kaɗan. Suna shiga kunnena na ga masallacin, na ga dattawan suna dariya a dandali, na ga kututturen tsamiya a tsakiyar ruwa. Na juya a hankali, ina tsoron abin da zan gani.

Wani dattijo ne siriri, fari, da ɗan buhun dankali a kan cinyarsa. Idonsa a lumshe yake. Gyangyaɗi yake yi, amsar ta fito masa ne kamar yadda mutum ke amsa sallama cikin barci. Sai da ya ji motar ta yi shiru ya buɗe ido, ya dube ni, ya ce, "Wa ya kira?"

Na duba fuskarsa ina neman Inna a ciki, ban same ta ba. Hausarsa ma da ɗan karin Fulatanci. Na ce, "Baba, kai ɗan garin ne?"

Ya ce, "Ban taɓa ganinsa ba. Ko sunansa ban sani ba."

A Tudun Wada zai sauka, wajen 'yarsa. Na bar kujerata na sauka tare da shi, yaron motar yana ta kirana. Muka zauna a bencin wani mai shayi, na gaya masa ko ni wane ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce goshina irin na Kawu ne sak, ya lura tun a mota.

A Riruwai suka haɗu da Kawu, wajen wankin kuza a filin haƙar ma'adinai, suna samari. Da aikin ya ja baya suka koma noma, gonakinsu a jere. Ya ce Kawu mutum ne mai raha da kowa, amma ba a tambayarsa gida. Kullum da safe in sun kama hanya sai ya yi kiran nan, ya ɗan jira, sannan ya amsa wa kansa da ƙaramar murya.

"Na ce masa, kai, wannan ai sai a ce ka taɓu. Mutum ya kira kuma ya amsa? Koya mini, ni in riƙa amsa maka. Ya yi dariya har da hawaye. Tun daga ranar shi ke kira ni ke amsawa, har muka tsufa. Matata takan ce mun fi zakara cika alkawari."

Na ce, "Yana ina yanzu?"

Ya ajiye kofinsa. Ya ce damina uku ko huɗu ke nan da rasuwarsa, ciwon ƙirji ne, bai daɗe yana jinya ba. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta riga shi, Allah bai ba su haihuwa ba. Shi ya yi masa wanka da hannunsa.

Na yi lissafi a raina ba da son raina ba. Ina Doguwa yana raye. Mutanen Riruwai suna cin kasuwar Doguwa. Wataƙila mun sha gogar kafaɗa a wajen masu tumatir, ni da rabin kirari a bakina, shi da ɗaya rabin, kowa ya yi shiru ya wuce.

Na gaya wa dattijon labarin alkawarin Juma'ar ƙarshe. Bai sani ba, Kawu ma bai taɓa sani ba. Dattijon ya riƙe baki yana salati. Ya ce abin da Kawu ya gaya masa, sau ɗaya tak, shi ne ya je ya kira mutanensa sun ƙi amsawa, kuma suna da gaskiya, tunda shi ya riƙe sandar.

Na ce, "Amma Baba, ya san yayarsa tana Ƙofa. A gabansa aka kai ta. Me ya hana shi zuwa?"

"Na tambaye shi. Na ce in kunya yake ji ni zan raka shi. Ya ce mini, muddin bai je ba, yana da Yaya da za ta amsa masa. In ya je ya kira ita ma ta sunkuyar da kai, to ba shi da kowa ke nan. Ya ce gara ya bar ta a haka."

Ban iya shan shayin ba.

Da na isa gida la'asar ta yi. Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince wake da lalube. Na gaishe ta, na zauna nesa kaɗan kamar yadda na saba. A hanya na shirya maganganu iri-iri, duk suka gudu. Na ce, "Inna, yau na yi kiran nan a mota, an amsa."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Me aka ce?"

Na fara faɗa. Ina kaiwa "daga nesa" ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Ya isa. Muryar tsoho ce?"

Na ce ta tsoho ce, amma ba shi ba ne. Na ba ta labarin duka, ban rage komai ba, don ta fi ƙarfin a yi mata ɓoye-ɓoye. Ta yi salati da na zo kan rasuwar, ta yi masa addu'a, ba ta yi kuka ba. Sai da na faɗi dalilin da ya hana shi zuwa Ƙofa. Nan ta ture faifan waken gefe, ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce, "Ni? Ni da na goye shi?"

Sannan ta faɗi abin da ban zata ba, da murya ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba. Ta ce, "Da ya zo a shekarun farko, ina jin tsoron alkawarin nan kamar wuta. Wallahi ban san abin da zan yi ba."

Washegari ta ce in nemo mota.

Ƙanwata ta yi ta faɗa, ta ce tsohuwa ba ta gani sosai, hanya ba kyau, addu'a daga ko'ina tana isa. Inna ta bar ta ta gama, sannan ta ce a miƙo mata mayafinta. Muka ɗauki shatar wata ƙaramar mota, muka biya Tudun Wada muka ɗauki dattijon. Da ya leƙo ta taga ya durƙusa ya ce, "Ke ce Yaya?" Ta ce ita ce. Ya ce, "Kullum sai an ambace ki." Ta matsa masa wuri.

Abin da na lura da shi a tafiyar nan, mun tsaya shan mai, mun tsaya a shingen jami'an tsaro, mun ratsa kasuwa cike da muryoyin maza, Inna ba ta yi kiran ba ko sau ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa tafiya da ita haka ba, sai na ji motar ta yi mini faɗi.

Riruwai gari ne a cikin duwatsu. Maƙabartar tana bayan gari, a gindin wani tudu, ba katanga, sai jerin duwatsu da aka yi mata iyaka da su. Mata ba sa shiga, Inna ma ba ta nemi shiga ba. Na riƙe hannunta har bakin iyakar. Dattijon ya shiga, ya je ya tsaya kusa da wani kabari da ciyawa ta fara rufewa, ya ɗaga murya ya ce ga shi nan, don ta ji daga inda sautin yake. Ta juya fuskarta wajen. Muka yi addu'a, muka shafa.

Na ɗauka shi ke nan, na ja hannunta mu koma. Ta ƙi motsi.

Dattijon ya gane kafin ni. Ya ce, "Yaya, ko in yi kiran?"

Ta ce, "A'a. An riga an kira, a kasuwar Tiga."

Ta saki hannuna. Ta gyara tsayuwa, ta gyara mayafi, kamar mai shirin gaida surukai. Wannan matar da ta yi shekaru tana kira ƙasa-ƙasa don kada a ce ta taɓu, ran nan ta buɗe murya har dutsen ya dawo da ita.

"Kogi, gaishe ta daga nesa, ba ka isa ka taka ƙofarta ba!"

Wasu mata da ke wucewa da itace a ka suka tsaya suna kallonmu. Dattijon ya rufe fuska da hannun rigarsa. Ni ban san inda zan sa idona ba.

A kirarin garinsu, bayan amsa babu sauran abin da ake cewa. Inna ta fi kowa sanin haka. Amma ta karkata kai gefe guda, ta yi tsit, tana saurare.